Sawu a Ƙarƙashin Fiffike

Jirgin feshin fara bai kai hantsi a sama ba. Da sassafe ya tashi daga filin da aka share masa a bayan Matameye, ya yi shawagi a kan gonakin hanyar Dawce, sai ga shi ya sunkuyo ya kifa hanci cikin gero. Kafin azahar labari ya gama gari, kuma ya yi ƙiba a hanya. An ga wayar da ke juya wutsiyar jirgin a tsinke, saboda haka yanke ta aka yi, saboda haka akwai mai hannu a ciki. Mutanen Matameye in ransu ya ɓaci ba sa rasa "saboda haka".

Ransu kuwa ya ɓaci da dalili. Matuƙin ɗansu ne, Khalifa ɗan Alhaji Rabi'u mai lambun rake, wanda duk yankin Kance ba a taɓa samun mai tuƙa jirgi ba sai shi. An ciro shi da rai amma ba ya magana, aka wuce da shi asibitin Damagaram. Jandarma ba su tsaya wata-wata ba, suka kama Munkaila, maigadin da ke kwana wajen jirgin. Kumandan ya ce in ba a samo wani ba, shi zai tura gidan kaso a Damagaram.

Da la'asar Alhaji Rabi'u ya yi sallama a zauren Ɗan'azumi mai bin sawu. Ɗan'azumi ya tsufa a wannan sana'a. Ya sha bin ɓarawon shanu daga Yauri har bakin iyaka, kuma a garin ana cewa in ka bi ta ƙofar gidansa da safe, da yamma zai gaya maka abin da ka ɗauko a ka. Shi da Alhaji tare suka yi kiwon awaki suna yara, tare aka yi musu kaciya.

Alhaji bai zauna ba. Jinin ɗansa na nan a hannun rigarsa, ya bushe.

"Ɗan'azumi, ka nemo mini shi."

"Zauna tukuna, Alhaji. Yaya jikin yaron?"

"Yana hannun Allah. Ni dai ka nemo mini shi. Kuma ka rantse mini ba za ka rufa wa kowa asiri ba. A gaban jama'a za ka kira sunansa, ko da daga cikin gidana ya fito."

Ɗan'azumi ba ya son rantsuwa, amma ya dubi idon abokinsa ya ga ba wurin gardama. Ya rantse.

*

Bai je inda jirgin ya faɗi ba, don ya san rabin gari sun riga sun tattake wurin. Ya nufi gindin gawon da ake ajiye jirgin, inda ƙasa ke da sauran danshin ruwan da aka yi. Ya tuɓe takalmansa, ya tsuguna.

Ga sawun tayoyin jirgin nan uku. Ga takalmin roba na Munkaila yana kai da komowa, ga manyan takalman Khalifa, ga na Habibu, makaniken da kamfanin feshin ya haɗo shi da jirgin. Ga kuma sawun Alhaji Rabi'u, wanda ko a cikin dubu Ɗan'azumi zai tsince shi, domin ƙafar hagu tana ɗan karkata waje tun faɗowar da ya yi daga kan kuka suna yara. A daidai inda inuwar fiffiken hagu take sauka, sawun Alhaji ya tsaya wuri ɗaya. Yatsu sun nutse, diddige bai taɓa ƙasa ba. Ɗage ya yi kenan. Kusa da wurin akwai 'yan ɓawon karan dawa, sirara, irin waɗanda wuƙa ke zubarwa.

Ɗan'azumi ya yi murmushin tausayi. Uba ne ya miƙa hannu yana shafa fiffiken ɗansa, wa zai hana shi? Ya tsinci ɓawon ya jefa aljihu, don hannunsa ya saba, ba don ya ga wani abu a ciki ba.

Abin da ya tsayar da shi yana can gefen fili. Sawun mutum ne ba takalmi, mai faɗin tafi, ya zo daga wajen fadama ya daɗe a tsaye yana sauya ƙafa.

*

A birgadi, ofishin jandarma, aka bar shi ya yi magana da Munkaila ta taga. Munkaila ya rame a wuni guda, leɓensa ya fashe.

"Baba, wallahi ban san wace waya ce ma ke juya wutsiyar ba. Ni fa ko keke ban iya gyarawa ba."

"Na sani. Jiya wa ya zo wajen jirgin?"

"Ba kowa."

"Ka tuna dai."

"Ba kowa, Baba, sai Alhaji. Bayan la'asar ya zo ganin jirgin ɗansa, na ruga na ɗebo masa ruwan sha a randar masu lambu. Shi ke nan." Sai ya sassauta murya. "Sai kuma Cha'ibu mai zuma. Amma shi daga nesa ya tsaya yana zage-zage."

"Ka gaya wa jandarma?"

"Na gaya musu. Suka ce kowa ya san Cha'ibu da baki, ni ne dai mai gadi." Ya kama ƙarfen tagar. "Baba, in aka kai ni Damagaram na shiga uku. Matata tana da tsohon ciki, ba ta da kowa a garin nan."

Ɗan'azumi ya ce masa ya yi haƙuri. Ita ce kalmar da ake ba mutum in ba a da abin ba shi.

*

Ashe maganar Munkaila ta riga ta tsallake katangar birgadi. Washegari da Ɗan'azumi ya isa fadama, ya tarar samari sun kakkaɓo amyoyin Cha'ibu daga kan itace, ƙudan zuma na ta yawo ba gida. Cha'ibu na zaune a kan kututture, fuska duk harbi, yana kallon ɓarnar.

"Kai ma ka zo ne ka ce ni ne?"

"Na zo ne in ga ƙafarka."

Cha'ibu ya miƙo ta da fushi. Ita ce, mai faɗin tafi.

"Me ya kai ka filin jirgi?"

"Bara da aka yi feshin nan, zumata ta mutu kamar an share ta da tsintsiya. Na je in tambaya wace rana za su bi ta fadama, in rufe amyoyina. Na tsaya, na tsaya, ba wanda ya ce mini ci kanka. Sai na ce Allah ya kakkarya shi." Ya janye ƙafarsa. "Jirgin nake nufi, Ɗan'azumi, ba yaron ba. Khalifa a gabana ya girma. Baki na yi, ban taɓa ba."

Ɗan'azumi ya riga ya san haka. Sawun ya tsaya a gefen fili ya juya, tsakaninsa da jirgin akwai tazarar da hannu ba ya kaiwa, kuma mutum ba ya yanke waya da zagi. Da ana yi, da babu jirgin da zai tashi a ƙasar Hausa.

A hanyar komawa ya bi ta gonar da ke maƙwabtaka da inda jirgin ya faɗi. Mai gonar, wata dattijuwa Hawa, tana tsinke ganyen wake. Ba wanda ya tambaye ta kome tun da abin ya faru, don haka maganar ta taru mata.

"Ina nan tsaye ya wuce ta kaina yana ruri lafiya lau. Can sai ya yi tari. Ya sake yin tari, kamar tsoho ya ƙware da fura. Sai shiru."

"Shiru kafin ya faɗi, ko bayan ya faɗi?"

"Kafin mana! Fankar nan ta hancinsa ta tsaya cik, da idona na gan ta. Yaron kuwa ya yi ta lallaɓa shi, ya karkata nan, ya karkata can, ya kauce wa gidajen Fulani. Tudun nan ne ya ci shi."

Ɗan'azumi ya yi mata godiya, ya tafi yana juya maganar. Bai san jirgi ba, amma ya san wannan: abin da aka yanke wa linzami ba ya karkata nan ya karkata can yadda mai shi ke so.

*

Ya sami Habibu makanike zaune a inuwar tarkacen, ya haɗa kai da gwiwa. Ya gaya masa abin da Hawa ta ce. Habibu ya miƙe, ya jawo bakin wayar da gari ke ta magana a kanta.

"Dubi nan, Baba. In almakashi ne ko zarto, bakin zai fito sumul. Wannan ya tarwatse kamar bakin tsintsiya. Faɗuwar ce ta tsinke ta. Na faɗa tun ranar farko, ba wanda ya saurare ni." Ya zagaya gaba ya dafa farfela, fankar hancin jirgin. "Ga kuma wannan. Reshe ɗaya ne ya lanƙwashe, ɗayan ko ƙwarzane babu. Da tana juyawa lokacin da ta bugi ƙasa, da duka biyun sun naɗe. Matar nan gaskiya ta faɗa, injin ne ya mutu a sama."

"Me ke kashe inji?"

"Rashin mai, ko rashin wuta, ko rashin iska. Na duba wuta, lafiya take. Esansi kuwa, man da yake sha, ni na cika shi da hannuna, har yanzu yana ciki."

"Yana ciki amma bai sauko ba?"

Habibu ya buɗe baki zai amsa, sai ya tsaya. Ya hau kan fiffiken hagu ya shafa saman tankin, ya ga fatarsa ta lotsa ciki kamar an tsotse. Ya diro, ya durƙusa ƙarƙashin fiffiken, inda wani ɗan bututu mai kaurin ɗan yatsa ya leƙo. Ya sa baki ya hura. Iska ta ƙi shiga.

"Wannan shi ne hancin tanki," in ji shi, muryarsa ta canza. "Ka san gwangwanin madara, Baba? In ka huda shi wuri ɗaya, zai zubo kaɗan ya tsaya, sai ka huda na biyu. Haka tankin nan yake. In aka toshe nan, jirgi zai tashi lafiya, ya yi ɗan nisa, sannan mai ya daina sauka. Da safen da zai tashi na leƙa shi da ido, ban ga kome ba. Ban hura ba. Wayyo ni, ban hura ba!"

Ya lanƙwasa bakin wata siririyar waya ya zura, ya yi ta lalube, ya jawo a hankali. Wani ɗan abu ya faɗo a tafin hannunsa.

"Wanda ya yi wannan mugu ne, kuma ya san jirgi," in ji Habibu.

Ɗan'azumi ya karɓa ya kai kusa da ido. Guntun karan dawa ne, an fere shi ya yi tsini, an naɗe gindinsa da zaren tsumma, an shafa masa baƙin mai don ya zauna daram. A gefe an yi masa 'yar tsaga, wurin da farce zai kama in za a cire. Mai son ɓarna ba ya barin wurin cirewa. Ya sa hannu a aljihu ya taɓa ɓawon da ya tsinta a gindin gawo.

*

Bai gaya wa Habibu kome ba. Ya gangara lambun Alhaji Rabi'u shi kaɗai, yana roƙon Allah ya ƙaryata shi. Alhaji na Damagaram wajen ɗansa, lambun shiru, sai raken da iska ke kaɗawa. Injin ban ruwa na nan a bakin rijiya an lulluɓe shi da buhu.

Duk mai lambu a fadamar Matameye ya san zanzaro. Ka bar inji kwana kaɗan da damina, sai ka tarar ya cika kowace kafa da laka ya yi ɗaki. Saboda haka in an gama ban ruwa, sai a toshe kafofin. Wani da tsumma, wani da totuwar masara. Alhaji Rabi'u shi da karan dawa yake yi, kuma ya sha yi wa maƙwabta dariya cewa ba su iya ba.

Ɗan'azumi ya ɗaga buhun. Ga shi nan a bakin bututu, da tsininsa, da zarensa, da 'yar tsagarsa.

Ya zauna a bakin rijiyar ya daɗe. Tun da ya fara bin sawu bai taɓa jin ya tsani idonsa ba sai ranar. Ya yi tunanin ya jefa karan biyu cikin rijiya ya ce sawu ya ɓace masa. Wa zai ƙaryata shi? Ai tsufa ya zo. Alhaji zai ci gaba da tsinar wani mugu da babu shi, kuma wannan tsinar ce za ta riƙe shi a tsaye. Amma da ya koma gida, sai ya tarar da matar Munkaila zaune a ƙofar zaurensa, ta tallafe ciki da hannu biyu. Gaishe shi kawai ta yi.

*

Ranar da za a tafi da Munkaila, aka taru a farfajiyar birgadi ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Motar jandarma na tsaye, hancinta ya dubi hanyar Damagaram. Kumandan na kan kujera, Munkaila na ƙasa da ankwa, Cha'ibu da Habibu na gefe, jama'a sun yi dafifi har bakin titi. Alhaji Rabi'u ya iso daga asibiti da safen, idanunsa sun faɗa. Ya ce Khalifa ya buɗe ido, amma likita bai ce kome ba tukuna game da ƙafafunsa.

Ɗan'azumi ya fara da Cha'ibu. Ya ce sawunsa bai kai ga jirgin ba, waɗanda suka fasa masa amya su san abin da za su gaya wa Allah. Ya kira Habibu ya nuna bakin wayar da farfelar da ya kwanto, ya yi bayanin hancin tanki. Kumandan ya duba da kyau, ya gyaɗa kai. Jama'a suka fara guna-guni, don ba a son a ƙwace wa mutum labarin da ya riga ya saba da shi.

"To wa ya toshe?" in ji kumandan. "Maigadin?"

"Ba shi ba ne."

"Wane ne?"

Ɗan'azumi ya juya wajen abokinsa. "Alhaji, zo mu koma gefe, ina da magana da kai."

"Babu gefe," in ji Alhaji. "Ka rantse mini."

"Don girman Allah, Rabi'u."

Rabon da ya kira shi da sunansa tun kafin ya je Makka. Alhaji ya ji, amma fushi ya rufe masa ido.

"Ɗana na kwance ba ya motsa ƙafa, kai kana neman rufa wa wani asiri? Faɗe shi a nan! Ko wane ne!"

Ɗan'azumi bai faɗa ba. Ya kamo hannun Alhaji na dama, ya buɗe tafin, ya ɗora karan biyu a kai.

"Wannan daga injin lambunka na ciro shi. Wannan kuma daga fiffiken jirgi."

Alhaji ya dube su. Ya sa babban yatsa ya juya ɗaya, farcensa ya faɗa cikin tsagar daidai, kamar yadda ya saba faɗawa kowace safiya.

"Zanzaro na gani," in ji shi a hankali, ba da kowa yake ba. "Yana shiga yana fita da laka a baki. Na ce wannan zai ɓata wa yaro jirgi. Na ce da safe zan gaya masa ya cire." Ya ɗaga kai ya dubi Ɗan'azumi. "Da safen mutane suka tare ni a bakin hanya, ana ta yi mini barka. Na tura shi ciki sosai don kada iska ta fizge shi. Ɗan'azumi, na tura shi ciki sosai."

Waɗanda suka zo da duwatsu a aljihu suka rasa inda za su sa idonsu. Kumandan ya yi wa wani jandarma alama, aka kwance wa Munkaila ankwa, amma ko shi bai yi murna ba, ya tsaya yana murza wuyan hannunsa yana hawaye.

Alhaji ya dunƙule karan a hannunsa, ya nufi motar. Kumandan ya miƙe.

"Alhaji, ba yanzu ba. Ka je gida tukuna, za mu kira ka."

"Ba Damagaram za ta ba?" in ji Alhaji. "Ku tafi da ni. In kaso ne, to. In asibiti ne, to. Amma ku fara kai ni wajen yaron, kada ya ji a bakin wani."

Ɗan'azumi ya matsa zai riƙe masa hannu ya hau. Alhaji bai ture shi ba, bai kuma dube shi ba, ya kama ƙarfen motar ya hau da kansa. Motar ta tashi, jama'a suka watse ba sallama.

Da farfajiyar ta zama fayau, Ɗan'azumi ya sunkuyar da kai, don idonsa bai san wani wurin zuwa ba sai ƙasa. Ga sawun da ya taho daga ƙofa zuwa gindin bishiya, ƙafar hagu a karkace, na Rabi'u ne, ya san shi tun suna bin awaki. Ga kuma wanda ya tashi daga gindin bishiya zuwa inda motar ta tsaya, gajere, yana jan ƙasa. Da a daji ya gamu da shi, da ya rantse bai taɓa ganin mai wannan ƙafar ba.